Muryar Alaramma a Jar Motata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai jar motata garin su Sa'adatu ba. Ba don ina da kaifin ƙwaƙwalwa ba (ni da kullum sai na nemi makulli a aljihun da na riga na laluba), sai don akwai mutanen da suke tuna ranar duk shekara, a zaure, a gaban jama'a, kuma da muryata suke tunawa.

Bari in fara da motar, tunda a cikinta abin ya faru.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Dutse. A shekarun da abokan aikina suke sayen fili a bayan gari suna jera bulo, ni sai na tattara abin da na tara na sayo wata mota 'yar Kwatano, ja jawur, mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin wadda ake tsere da ita. Tsohuwa ce, ba na musu. Cikinta kuma dab da ƙasa yake, duk wani tudun rage gudu da ke titunan Dutse sai ta gaishe shi da ƙirji. A karkace nake haye su, a hankali, masu adaidaita sahu suna danna mini hon daga baya suna tambaya ko a tura ni. Ranar da mahaifiyata ta fara ganinta, zagayawa ta yi ta leƙa ta ce, "To ni in na zauna, a ina za a sa kayana?"

Amma ni ba don gudu na saye ta ba, ba kuma don ɗaukar kaya ba. Don sauti na saye ta. Ranar da dillalin ya kunna mini rediyonta ya ce, "Yallabai, wannan sautin na kamfani ne, hannun mai wayarin bai taɓa shiga ba," sai maganar ta zauna mini daram a ka. Na kamfani ne. Tun daga ranar, ko tambayata ka yi ƙarfe nawa, akwai yiwuwar mu ƙare a kan wannan magana.

Na kalli bidiyoyi a waya har na haddace bayanin. In na kama mutum sai in ce, "Ka ga motar tsere cikinta ƙarami ne, to waɗanda suka ƙera ta sai da suka auna daga kowace sifika zuwa kunnen direba. Ƙananan nan na gefen gilashi su suke fitar da siririn sauti, na jikin ƙofa su suke ɗauko murya, ta bayan kujera ita ke ba da bes, wato kaurin sauti." Samarin da suke cika but ɗin mota da manyan sifikun wufa har lambar motarsu tana karkarwa, kallon tausayi nake yi musu. Wannan ai ba sauti ba ne, in ji ni, hayaniya ce. A ofis, da na fara sai ka ga kowa ya tuna yana da fayil a kan tebur. (Ka san abin ya kai, a ce surutunka ya kori ma'aikacin gwamnati zuwa bakin aikinsa.)

Ga abin da ban taɓa faɗa musu ba. In motar tana tafiya, ba a jin komai. Injin yana kuka a ƙeyarka, tayoyi suna gurnani a ƙarƙashinka, waƙa sai ta zama kamar daga gidan maƙwabta take fitowa. Saboda haka in ina son jin sautin da nake cika baki a kansa, sai in faka a ƙarƙashin wata darbejiya, in kashe inji, in ɗage gilasai, in sa faifai, in zauna ina gumi kamar mai jiran hukunci. A haka kam sautin yana da daɗi, wallahi yana da daɗi, har numfashin mawaƙi kana ji. A ƙasan ramin faifan akwai wani ramin na kaset. Ban taɓa zura masa komai ba. Wa ke da kaset a zamanin nan?

Sa'adatu ma'aikaciyar jinya ce a Jahun. Mun haɗu lokacin da na kai wani ƙanina asibiti, ita ta duba shi, ni kuma na kasa daina komawa dubiya har bayan an sallame shi. Mace ce mai ƙarancin magana, in ta kalle ka sai ka ji kamar ta riga ta auna jininka. Ta saurari laccata a kan sifiku tun daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba, abin da ko mahaifiyata ba ta taɓa yi ba. Na wuce shekarun da ake ce wa mutum saurayi, an gaji da yi mini gori a gida, kuma a karo na farko na ga wadda nake so da gaske. Ina sonta. Wannan ba wasa a ciki, ko da yake sauran labarin duk abin dariya ne ga wanda bai shafa ba.

Mahaifinta malami ne mai makarantar allo a wani ƙauye tsakanin Jahun da Taura. Kowa Malam yake ce masa. Makarantar gado ce, a hannun mahaifinsa ya karɓa, wanda har yau ba a ambatonsa sai da Alaramma, ya kuma daɗe da rasuwa. Sa'adatu ta ce in ina son Malam ya gan ni kafin manyana su je, to in zo ranar taron gida. Duk shekara bayan an kai amfanin gona gida, 'ya'ya da jikoki da tsofaffin ɗaliban Alaramma suna haɗuwa, a yi sauka, a yi masa addu'a. Daga ƙarshe sai a saurari kaset.

"Wane kaset?" na ce.

Ta ce wani ɗalibinsa ne ya dawo daga aikin Hajji da rikoda, tun kafin a haife ta, ya naɗi Alaramma yana tilawa a tsakar gida. Shi kaɗai ne muryarsa da ta rage a duniya. Malam yana ajiye shi a naɗe cikin ƙyalle, sau ɗaya ake kunna shi a shekara don kada ya gaji. Bai taɓa yarda a kwafa ba. Ya ce ba za a kai muryar mahaifinsa kasuwa a jera ta da waƙoƙi ba, ba kuma za a sa ta a waya ta zama abin da ke kuka in an kira mutum ba. Sai bara da aka ji muryar ta fara rawa, sannan 'ya'yansa suka taru suka roƙe shi, da ƙyar ya amince bana a naɗa a waya ɗaya, ta babban ɗansa, Yaya Nasiru.

"Ka ga ranar babba ce a wajenmu," ta ce. "Abu ɗaya nake roƙonka. Ka gaisa, ka zauna, ka yi shiru. Malam yana son mutum mai shiru."

Na ce haba, ai wannan mai sauƙi ne. (Allah ya gani, har zuciyata na ɗauka mai sauƙin ne.)

Ranar na sha farar shadda, na kafa hula, na kama hanya tun da hantsi. Daga inda kwalta ta ƙare, motar ta riƙa shara ƙasa da cikinta, ina bin sawun amalanke ina addu'a. Na isa ƙofar gidan da karan gero maƙale a ƙarƙashinta. Duk wanda ke wajen sai da ya juyo, ni kuwa na ɗauka sha'awa ce.

Farkon abin na yi kyau, ina so a rubuta mini wannan. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaida Malam. Dattijo ne siriri mai farin gemu, da rawani ɗan madaidaici, maganarsa ƙasa-ƙasa. Ya tambayi iyayena da garinmu, na amsa a taƙaice, ya gyaɗa kai ya nuna mini gefen tabarma. Aka yi sauka, aka yi addu'a, bakina a rufe. Ina lura da Malam ya ɗan kalle ni sau biyu, kallon da ba na ƙi ba. A raina har na fara tunanin wace shadda zan sa ranar ɗaurin aure.

Sai aka shigo da wata tsohuwa ana riƙe da hannunta, aka shimfiɗa mata buzu a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, inda mata suke zaune daga bayan katanga. Na kusa da ni ya raɗa mini cewa Gwaggo Talatu ce, yayar Malam, babbar 'yar Alaramma. Idonta ya tafi, kunnenta ma saura kaɗan. Daga wajen Taura ake ɗauko ta duk shekara, ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna, sai wannan rana.

Malam ya kwance ƙyallen da kansa. Aka kawo tsohuwar rikodar, aka sa mata sababbin batura, ya zura kaset ɗin, ya danna. Yaya Nasiru ya kara wayarsa a jikin sifikar.

Abin da ya fito, ni a kunnena, shuuu ce kawai, kamar ana soya abu a ɗaki na uku, can ƙarƙashi wata murya tana tasowa tana nutsewa. Jama'a sun sunkuyar da kai. Ni kuwa sai gyara zama nake yi. Mutumin da ya shekara yana wa'azi a kan tsaftar sauti, ga shi zaune ana naɗar tarihi daga bakin gwangwani. Yaya Nasiru ya duba wayar ya ɗan yi tsaki, ya ce a hankali, "Anya wannan za ta ɗauku kuwa?"

Ba ni ya tambaya ba. Ina so a san wannan. Ba wanda ya tambaye ni.

"Allah ya gafarta Malam," na ji bakina yana cewa, "in da za a yarda, motata tana da wajen kaset. Sautinta ba irin wannan ba ne. Za ku ji Alaramma kamar yana zaune a gabanku."

Malam ya tsayar da rikodar. Ya dube ni ya ce, "Ba ta cin kaset, ɗana?"

"Ai na kamfani ne, Allah ya gafarta Malam."

Yaya Nasiru ya ce, "Ka taɓa sa kaset a cikinta?"

Na ce, "Yaya, irin waɗannan ba sa lalacewa." Ka lura, ban yi ƙarya ba, ban kuma amsa tambayar ba. Aikin ofis ya koya mini wannan.

Wani dattijo cikin tsofaffin ɗalibai ya ce tunda sau ɗaya za a naɗa, gara a naɗi mai kyau. Wani ya ce haka ne. Ina jin Malam bai so ba, amma ga baƙo ya yi tayi a gaban mutane, baƙon ma wanda yake neman 'yarsa. Kara ya yi mini. Ya fitar da kaset ɗin, ya zaro biro daga aljihu, ya zura a ramin, ya riƙa juyawa a hankali har zaren ya koma farko. Yana juyawa yana cewa, ba tare da ya ɗago ba, "Shi ba a mayar da shi baya da inji. Zaren ya tsufa. Da hannu nake mayar da shi, tun ranar da ya zo hannuna."

Na ce, "Na'am, Allah ya gafarta Malam." Na ji maganar. Da kunnuwan nan nawa masu jin numfashin mawaƙi na ji ta.

Aka ɗunguma waje. Nan na sake kawo wani iyayin. Yaya Nasiru ya ce a buɗe ƙofofin kowa ya ji. Na ce a'a, sautin kamfani an tsara shi ne don rufaffen ciki, in aka buɗe zai watse. A shiga ɗaya bayan ɗaya, Malam ya fara, sai Gwaggo, ni kuma ina kujerar direba ina kula da rediyon. Wayar ma a ba ni in riƙe, tunda wajen mutum biyu ne. Ya miƙo mini ita yana kallona kamar mai ba da ajiyar da bai so ba.

Shigar da Malam cikin motar nan kaɗai ya isa a kore ni daga garin. Dattijon da ya saba zama a buzu, sai da mutum biyu suka riƙe shi ya sauka cikin kujerar kamar mai shiga rijiya. Rawaninsa ya tokari rufi, gwiwoyinsa suka taso, aka tattaro masa babbar rigarsa aka cusa. Na rufe ƙofofi, na ɗage gilasai, na ƙi tayar da inji don kada ƙararsa ta shiga. Rana ta take. Ta gilashi ina ganin jama'a sun kewaye mu, an kawo Gwaggo dab da ƙofar Malam tana jiran layinta. Har ta cire takalmanta ta tsaya a kan ƙasa mai zafi, wai ba za ta shiga wajen Baba da takalmi ba.

Na danna naɗi a wayar, na riƙe ta a ƙirjina. Malam ya yi bisimilla ya miƙo kaset ɗin. Ramin ya haɗiye shi.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne, motar ba ta ba ni kunya ba. Muryar ta fito. Shuuu ɗin nan ta ja baya, sai ga wani mutum, cikakken mutum, yana karatu a tsakaninmu, murya mai kauri da ɗan kakkaɓi a ƙarshen aya. Kana jin inda yake jan numfashi. Kana jin ya gyara zama. Ni da ban san shi ba sai da tsigar jikina ta tashi. Malam ya rufe ido, leɓɓansa suna bin karatun, hawaye yana gangarowa cikin gemunsa.

Can sai ya buɗe ido. Daga bayan muryar, nesa, akwai wani sauti, dum, dum, dum. Ya ɗaga yatsa ya ce, da wata murya irin ta yara, "Inna ce. Inna ce take daka." Shekara da shekaru yana jin kaset ɗin nan a rikoda, bai taɓa sanin mahaifiyarsa tana ciki ba.

Mai hankali a nan zai sunkuyar da kai ya bar mutum da iyayensa. Da na yi haka, da yanzu ina da 'ya'ya a makarantar allon nan. Amma ni abin da kunnena ya ji shi ne an yabi motata. Kaina ya fashe.

"Kun ji ko, Malam? Kun ji? Wannan ta bayan kujera ce take fito da shi, ita ce mai bes. Ai na faɗa muku, na kamfani ne! Rikoda ba za ta taɓa ba ku wannan ba. Kun ga waɗannan ƙananan na gefen gilashi..."

Ana tilawa ina magana. A gaban malami, a kan muryar mahaifinsa. Ya ɗaga mini hannu, na ɗauka yana nufin in ci gaba. Dakan ya wuce, sai na ce, "Bari in ƙara bes ɗin in dawo muku da wajen, ku ji taɓaryar sosai."

"Kada ka..." in ji Malam.

Yatsana ya riga bakinsa.

Injin kaset ɗin ya yi wani kuka, wiii, da ƙarfin abin da ya shekara ashirin yana barci aka tashe shi. Sai ƙurrr. Sai wani sauti kamar ana tauna leda. Sai shiru.

Na danna maɓallin fitarwa, ya ƙi. Na sake dannawa, na doki gaban motar da tafin hannu. Kaset ɗin ya leƙo rabi, na kama na ja. Ya fito, zaren yana biye da shi, baƙi, a cukurkuɗe, wani ya miƙe ya zama siriri kamar gashi, sauran yana can ciki naɗe a jikin ƙarfe. Na ƙara ja, wai in ceto shi. Ya tsinke.

Gumin da ya karyo mini ba na zafin mota ba ne. Malam ya buɗe tafukansa biyu, na zuba masa abin da ya rage. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya lalubi jikin ƙofa bai sami mabuɗin ba, ya ce, "Buɗe mini, ɗana." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Da aka ciro shi, Gwaggo ta miƙa hannu tana laluben ƙofar. "An gama? Ni ce yanzu?" Malam ya kama hannunta ya ce, "Yaya, sa takalminki. Mu koma ciki."

Na so in tayar da mota in gudu, amma jama'a sun tare gaba da baya, kuma wayar mutane tana hannuna. Muka koma zaure. Labari ya riga ya shiga cikin gida, ina jin salatin mata ta bayan katanga. Sai Yaya Nasiru, Allah ya saka masa, ya so ya kwantar da hankalin mutane. Ya karɓi wayarsa ya duba ya ce, "Alhamdu lillahi, ai ta ɗauka. Ko ba duka ba, an samu wani abu." Aka yi ta hamdala. Ni ma har na ji ɗan sanyi, don wallahi a lokacin na manta a ƙirjin wa wayar take.

Yaya Nasiru ya ƙure muryar wayar, ya durƙusa ya kara ta kusa da kunnen Gwaggo.

Alaramma ya fara, tas, gwanin daɗi. Fuskar tsohuwar ta buɗe, ta ce, "Baba." Aka ji Malam yana cewa Inna ce take daka. Gwaggo ta dafe ƙirji, ta matso da kunnenta.

Sai ga ni. Ba daga nesa ba, ba ƙasa-ƙasa ba. Bakina ne ya fi komai kusa da wayar, don haka na danne Alaramma, na danne taɓarya, na cika zauren. "Kun ji ko, Malam? Kun ji? Wannan ta bayan kujera ce..." Ban taɓa sanin haka muryata take ba, siririya, mai rawar kai, irin ta mai tallan maganin gargajiya a tasha. Ina zaune a gefen tabarma bakina a rufe gam, ina jin kaina ina zuba. "Na kamfani ne!"

Gwaggo ta ɗago, ta juya fuskarta wajen da take zaton nake. Ta ɗauka a zauren nake magana.

"Ku ce wa yaron nan ya yi shiru mana, in ji Baba."

Yaya Nasiru ya ce a hankali, "Gwaggo, a cikin wayar yake."

"To a fitar da shi mana," ta ce.

Ban san yadda zan kwatanta shirun da ya biyo baya ba, ni da na ce na san sauti. Wayar ta ci gaba har wajen "Kada ka...", har kukan injin, har dukan da na yi wa gaban mota. Duk ta ɗauka, tas.

An kawo abinci, kuma sai da aka ajiye mini kwanona, dambu da zogale, har da nono. Wannan gida ba sa wulaƙanta baƙo, abin da ya ƙara kashe ni ke nan. Na yi loma biyu da ƙyar. Da na je sallama, Malam ya ce Allah ya kiyaye hanya, in gaida manya. Kaset ɗin yana gefensa, ya mayar da shi cikin ƙyallensa ya naɗe, kamar yadda ake yi wa abin da za a binne.

Na yi ƙoƙari, kada a ce ban yi ba. Na sa aka kwance rediyon motar (hannun mai wayarin ya shiga a ƙarshe), aka ciro ragowar zaren, ya narke ya manne da wata roba da zafi ya cinye. Na roƙi Yaya Nasiru ya turo mini naɗin, na kai Kano wajen masu haɗa sauti, na ce a cire ni. Suka gwada. In an rage ni sai Alaramma ya tafi, in an dawo da shi sai in dawo. Ɗayansu ya ce, "Yallabai, kun riga kun haɗu, kamar gishiri ne a miya."

Sa'adatu ta ɗauki wayata sau ɗaya bayan nan. Na shirya jawabi mai tsawo na ban haƙuri. Ta bari na gama, kamar yadda ta saba, sannan ta ce, "Abu ɗaya na roƙe ka." Bayan 'yan kwanaki saƙo ya iso wajen kawuna, cikin ladabi, cewa Malam ya ce kada manya su wahalar da kansu da hanya, ba ta da kyau. Hanyar da na bi da motar da cikinta ke jan ƙasa. Yanzu Sa'adatu tana da aure, mijinta malamin makaranta ne, babur gare shi. An ce mutum ne mai shiru.

Kwanakin baya na yi kiciɓis da Yaya Nasiru a kasuwar Jahun, ban sami lungun da zan shige ba. Muka gaisa. Ni da bakina na tambaye shi taron gida (ka ga har yanzu ban warke ba). Ya ce ana yi. Na ce, me ake saurara? Ya dube ni ya ce, "Abin da muke da shi." Duk shekara, bayan sauka da addu'a, sai a kunna wayar. Malam ya hana a yanke ta a inda na shigo, domin a ƙarƙashin surutuna akwai sauran karatun Alaramma da dakan Inna, wanda ya kasa kunne sosai yana tsintar kaɗan. Don haka sai su zauna, dattawa masu furfura, su sunkuyar da kai, suna leƙen muryar mahaifinsu ta tsakanin kalmomina. Jikokin gidan sun haddace ni. In ɗayansu ya yi sabon takalmi, sai sauran su ce na kamfani ne.

Na tambayi Gwaggo. Ya ce ta rasu bara. Ya ce har shekararta ta ƙarshe, in aka zo wajen, sai ta ce a ce wa yaron nan ya yi shiru.

Motar tana nan, ban sayar ba, ba wanda zai saya. Ina hawa zuwa aiki, a karkace a kan kowane tudu, rediyon a kashe. A ofis an ce na canza, har wani ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, kuma na koye shi a makare: in abu yana da daɗin ji, a bar mutane su ji. Waɗanda suka ƙera motar nan sun san haka, shi ya sa suka sa mata maɓallin kashe murya, yana nan yana aiki lafiya ƙalau. Ni ne aka kawo babu shi. Na faɗa wa mahaifiyata haka, ina neman ta lallashe ni, sai ta ce tun ina goye haka nake, ba a taɓa gyara ni ba. Wato ni ma na kamfani ne.